Hoton Auta Mai Girman Ƙofa

Ranar da aka shigo da hoton nan gidan, sai da aka ɗage labulen falo aka karkata shi kafin ya wuce. Mai Tayal ne ya sauke shi daga saman motarsa ya rungumo da kansa, naɗe cikin takarda ruwan ƙasa, yana nishi yana murmushi, turarensa ya riga shi shiga da taku uku.

Bari in gaya muku yadda gidan yake kafin a yage takardar.

Auta ita ce ƙaramar 'yar gidan, shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Tun rasuwar mahaifiyarta, Gwaggo, yayar babanta, ta dawo gidan ta riƙe ta. Shekara biyu ke nan Auta tana son wani saurayi mai ɗan shagon wanke hotuna, wanda Gwaggo ta laƙaba wa Mai Tawada, don kullum gefen farcensa shuɗi-shuɗi yake. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana ta nazari irin na tsohon direban da ba ya shiga kwana da gudu.

Ana cikin haka Mai Tayal ya faɗo, da mota, da shagunan tayal uku, da bakin da ba ya rufuwa. Gwaggo kuwa tun ranar da ya durƙusa ya ce mata "Mama" ta ɗauke shi ta goya.

"Baba, Mama, ku gyara zama," in ji Mai Tayal, yana jingina abin da bango. "Yau za ku ga matsayin Auta a zuciyata. Ni ba na ƙaramin abu. Ko ni ban buɗe ba, na ce sai mun gani tare."

Ya kama takardar daga sama ya yage ta har ƙasa.



Fuska dai ga ta nan, ta fi tiren shayi faɗi, amma kamar an gina ta da laka aka manta ta cikin ruwan sama. Idanu baƙaƙen tabo biyu. Hanci ya narke ya haɗe da kumatu. Leɓe ya karkace hawa-hawa kamar matakalar bene, haƙora sun dunƙule wuri ɗaya fari da rawaya, fata kuwa duk 'yan murabba'i, kai ka ce ƙyanda ce ta fito ta ƙi komawa.

Gwaggo ta ja ƙafafunta ta ɗora kan kujera.

"Wa'iyazu billahi! Wace ce wannan?"

"Auta ce mana, Mama," in ji Mai Tayal. Ya ja da baya, ya matso, ya sake ja da baya, ko Allah zai sa abin ya gyaru. "Wallahi a wayata kyakkyawa ce!"

Auta tana tsaye bakin ƙofa da kofunan shayi a hannu. Ita da take wuni tana leƙa jini da majina a aikinta zuciyarta ba ta taɓa tashi ba, amma yau sai da ta kau da kai. Ta ajiye tiren a hankali don kada ya suɓuce.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ina ka samu hoton 'yata?"

"Ita ta turo min, Baba."

"Ni?" Auta ta dafe ƙirji. "Ni na turo maka? Yaushe?"

"Haba Auta, ai ba abin ɓoyo ba ne tunda maganar ta zo gaban manya."

Gwaggo ta washe baki, ta manta da dodon da ke jingine a gabanta.

"Ka ji ko, ƙanena? Kunya ce kawai. Ni na san yaran yanzu, bakinsu yana a'a, wayarsu tana e."

"Gwaggo, wallahi ban..."

"Yi min shiru. Wa ya buga wannan ƙazantar?" Baba ya katse su.

Mai Tayal ya buga tafin hannunsa a cinya kamar wanda aka farkar.

"Shi ne! Ai kuwa shi ne! Mai Tawada! Na kai masa aiki don in taimake shi, ashe mugunta ya shirya min. Ya ga ita ta turo min, baƙin ciki ya kama shi, ya ɓata mata fuska da gangan. Ku duba baya!"

Ya juya hoton. A kusurwar ƙasa, ga tambarin shagon nan manne, ɗan ƙarami, kore. Auta ta san shi kamar tafin hannunta, don ita ta zaɓa masa launin.



"Tir!" Gwaggo ta ce, tana tofar da yawu a gefe. "Tir da wannan hali. Wanda zai yi wa fuskarki haka tun kina gidanku, me zai yi miki in ya rufe ƙofa da ke?"

Baba ya daɗe yana kallon tambarin. Sannan ya juyo ga 'yarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ciwo.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma da hannuna ba zan ba ki wanda ya mayar da ke abin dariya ba. Yaron nan kada ya sake taka min ƙofa. Kai kuma," ya dubi Mai Tayal, "ka dawo gobe da yamma, za ka ji matsayata. A juya min abin nan ya kalli bango, ba na son ganinsa."

* * *

Washegari Auta ba ta wuce asibiti ba. Ta kira ta ce za ta makara, ta sauka a layin masu shaguna.

Shagon Mai Tawada ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. Kana shiga warin tawada ne zai tare ka. Ga doguwar na'urar bugawa ta cinye rabin ɗakin, ga naɗaɗɗun takardu a tsaye a lungu, ga teburin gilashi cike da hotunan fasfo na mutanen da ba su dawo karɓa ba. Yana zaune gaban kwamfuta, idanunsa jajir, ya tasa kofin shayin da ya huce tun ɗazu.

Yana ganinta ya miƙe har kujerar ta faɗi.

"Kai ka buga?" ta ce. Ko sallama ba ta yi ba.

Ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Kai ka buga ni haka?"

"Ni ne."

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci, hawaye suka biyo bayanta.

"Jiya ina kwance ina ta rantse wa kaina cewa tambarinka aka sata aka manna. Na ce wannan mutumin da ba ya barin hoton tsohuwa ya fita da ƙura a kai, shi zai yi min haka? Ashe kai ne. Ka tsaya kana kallo na'ura tana amayar da fuskata, ka naɗe, ka miƙa masa. Wallahi ƙyamarka nake ji yanzu, ƙyama!"

"Auta, ki saurare ni."

"In saurari me? Baba ya ce kada ka sake zuwa. Yau da yamma zai ba wancan amsa. Ka huta, ka gama da mu."

Ya riƙe gefen teburin gilashin da hannu biyu.

"Na gaya masa ba zai yi ba. Sau uku na gaya masa. Na ce kai mai tayal ne, za ka fi kowa ganewa. Hoto kamar daɓen tayal yake, an jera shi da 'yan ɗigogi, kowane ɗigo launinsa ɗaya. Adadinsu ba ya ƙaruwa. In ka ja hoton ya yi girma, ba sababbi ake ƙarowa ba, waɗanda ke nan ne suke kumbura har ido ya riƙa ganinsu ɗaya-ɗaya. Ya ce in rufe masa baki, na'ura ce ke aiki ba ni ba."

"To sai ka ƙi bugawa! An sa maka wuƙa a wuya ne?"

"Na ƙi. Har na tura masa abinsa. Sai ya yi dariya, ya ce ai ya san abin da ke damuna. Ya ce ke kika turo masa da hannunki, kika ce ya ajiye kusa da zuciyarsa." Ya saki teburin. "Auta, ban san lokacin da na danna ba. Na ce tunda abin da kuke so ke nan, ku je ku gani."

"Kuma ka yarda?"

Ya shiga murza shuɗin farcensa.

"Shekara biyu! Shekara biyu ina kare ka gaban Gwaggo, ana ce min budurwar mai shuɗin farce ina dariya. Mutum ya shigo da turare ya faɗi magana ɗaya, ka yarda. Ko kirana ba ka yi ba."

"Na ɗauki wayar sau goma."

"Ɗaukar waya kira ne?"

"A'a."

"To."

Ta zauna kan ɗan bencin da masu hoton fasfo ke zama, ta kifa kanta a gwiwa, ta yi kuka mai isarta. Shi kuma ya tsaya kamar an dasa shi, ya miƙo hankici, ya ga tawada a jiki, ya mayar aljihu. Kun san maza, in sun yi ɓarna hannunsu ma rasa wurin ajiye shi suke.

Can ta ɗago, ta share fuska da gefen mayafi. Aikinta ya koya mata abu ɗaya, in sakamako ya fito a karkace, ba kuka ake ba, komawa ake a duba samfurin.

"Nuna min abin da ya kawo."

Ya buɗe a kwamfuta. Ɗan mitsitsin hoto ya fito a tsakiyar allon, ita ce tana murmushi tana kallon gefe. A hakan ba laifi, har da ɗan kyau.

"Ga lambarsa a ƙasa," ya ce. "Ɗigo ɗari biyu da arba'in a faɗi, ɗari huɗu da tamanin a tsawo. Hoton da za a riƙe a hannu ya fito tas, kowane inci ɗaya yana son ɗigo ɗari uku. Kin ga wannan ko inci ɗaya bai cika ba a faɗi. Iyakarsa girman babban yatsana. Shi kuma mita ɗaya ya ce, tsawo mita biyu. Ɗigo shida ke nan a inci, kowanne ya kai ƙwayar wake."

"Hotunan wayata fa?"

Ta miƙa masa. Ya buɗe ɗaya ya nuna mata.

"Dubu uku a dubu huɗu. Wannan zai ba ki inci goma a sha uku tsaf. In bango za a rataye a riƙa kallo daga nesa, a ninka sau biyu ko uku ma ba wanda zai gane."

"In na tura ta manhajar hira fa? Ka taɓa ce min tana matse hoto."

"Tana matsewa. Amma ko ta matse zai kai dubu da wani abu."

"To ɗari biyu da arba'in daga ina?"

Ya sake duban lambar kamar yau ya fara ganinta.

"Babu wayar yanzu da ke ɗaukar hoto ƙarami haka," ya ce a hankali. "Sai dai in yanko shi aka yi daga cikin wani babba."

"Wato ni 'yar ƙarama ce a cikin wani hoto."

"E."

"Wanda ya ɗauka yana nesa da ni."

"Nesa sosai."

"Kuma ka ga lambar nan tun shekaranjiya."

"Na gan ta, Auta. Kishi ne ya hana ni karanta ta."

Ta yi tsaki, ta matso da fuskarta kusa da allon. Rigar jikinta a hoton ruwan toka ce, wuyanta ya saki. Kanta ba ɗankwali, sai dai an yanke hoton daidai goshi yadda ba za a lura ba. Ta gefen kunnenta wani siririn layi kore ya gifta.



"Wannan rigar wankina ce. Ko ƙofar gida ban taɓa kaiwa da ita ba. Wannan layin kuma igiyar shanyarmu ce." Ta toshe baki da hannu. "Benen da ake ginawa bayan gidanmu. Mutumin nan ne yake kai musu tayal."

Ta miƙe da sauri ta fita bakin shagon, ta tsaya tana shaƙar iska.

Ya biyo ta yana huci, ya dunƙule hannu.

"Yau sai na..."

"Ba abin da za ka yi. Ka riga ka yi naka." Ta gyara mayafi. "Ƙarfe huɗu ka same ni a ƙofar gidanmu."

"Baba ya ce kada in taka."

"Na sani. Za ka taka, kuma za ka ji duk abin da zai faɗa maka, ka haɗiye."

* * *

Da yamma falon ya cika da turare. Mai Tayal ya zo cikin sababbin kaya, ya zauna a ƙasa gaban Baba yana ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Gwaggo ta ci ado sai ka ce ita ake nema. Hoton yana nan jingine, fuskarsa a bango.

Auta ta yi sallama ta shigo, Mai Tawada yana bayanta.

Baba ya miƙe tsaye.

"Me na ce jiya?"

Ta zube a gabansa, ta kama gefen rigarsa.

"Baba, tunda nake ban taɓa tsallake maganarka ba. Ka ba ni minti biyar. In ban nuna maka komai ba, ni da kaina zan kore shi, kuma ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

"Ka ga abin da nake faɗa maka ko?" in ji Gwaggo. "Ya shanye ta. Kai, mai shuɗin farce, ba ka da kunya? Ka ɓata yarinya a takarda, ka biyo ta gida?"

Mai Tawada ya durƙusa bakin ƙofa.

"Gwaggo, na yi laifi, ni na buga. Amma ban ɓata komai ba. Abin da aka kawo min ƙarami ne, aka ce in ja shi ya kai ƙofa. Kowa aka kai wa, haka zai fito."

"Ƙarya yake!" Mai Tayal ya zabura. "Hoto ai hoto ne. Baba, ga shi a wayata, ka gani da idonka in akwai abin da ya same shi."

Ya zaro wayar, ya buɗe, ya miƙa da hannu biyu. Allah sarki, mutum in zai tona wa kansa asiri ba ya neman taimako.

Baba ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. Ga Auta tana murmushi, tsaf da ita.

"To ai ga shi lafiya lau," ya ce, ya harari Mai Tawada.

"A waya ƙarami ne, Baba, shi ya sa. Ka ce masa ya nuna saƙon da na turo shi a ciki," in ji Auta.

"Na goge," Mai Tayal ya ce da sauri. "Don sirrinki na goge."

"Baba," in ji Mai Tawada, "a ƙasan hoton akwai wurin gyara. In ka taɓa, za ka ga inda aka rubuta a mayar da shi yadda yake asali. Waya in an yanke hoto ba ta zubar da sauran, ɓoyewa take."

Murmushin Mai Tayal ya tsaya a inda yake.

"Wane irin asali kuma? Baba, kawo in..."

"Zauna," in ji Baba.

Auta ta matso ta nuna masa wurin. Baba ya sa ɗan yatsansa mai kauri ya danna.

Hoton ya buɗe kamar an ɗage labule.

Ga katangar bayan gidan daga sama. Ga tankin ruwa, ga bokitai, ga igiyar shanya da kayan cikin mata rataye a kai. Can a tsakiya ga Auta 'yar mitsitsiya, kai ba ɗankwali, tana shanya tana dariya. A ƙasan hoton kuma, ga bakin tagar da ba a sa wa gilashi ba, da kwalin tayal a kai.

Baba ya ƙura wa allon ido. Jijiyar goshinsa ce kawai ta miƙe.

"Mene ne? A nuna min mana," in ji Gwaggo, ta fizge wayar. Ta ƙanƙance ido. "Wannan ai bayan gidanmu ne. Wannan kuma wace ce a kan turmi... a kan kujera, da zane a ƙirji?"

Ta matso da wayar har hancinta.

Ita ce. Tana zaune ta baje, kai duk baƙin rini tana ɓoye furfura, ƙafa ɗaya a cikin roba, baki a buɗe tana ba Auta labarin da ya sa ta dariyar.

"Inna lillahi! Ni? Ni ka ɗauka? Ni da kake ce wa Mama?"

Yatsanta ya goge allon ba da niyya ba, wani hoton ya fito. Ranar daban ce, Auta tana wanke gashi a bakin famfo. Ta sake gogewa, wani. Ta sake, wani. Da safe, da rana, rigar wanki, rigar barci. Gwaggo ta saki wayar kan kafet kamar ta taɓa mushe, ta shiga goge hannunta a zane.

"Kai! Kai! Ashe ƙazami na goya! Shekara sittin da biyar ba wanda ya taɓa ganin kaina ba lulluɓi sai mijina, Allah ya jiƙansa, sai kai ɗan leƙen katanga? Tir! Tir da kai, tir da turarenka!"

"Mama, so ne ya..."

"Kada ka sake ce min Mama! Uwarka tana gida!"

"Baba, wallahi ba da mugun nufi ba. Na ga abin da nake so ne na..."

"Auta," in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba, "ɗauki wayar nan ki goge su duka. Kai, nuna mata inda suke ɓuya bayan an goge."

Mai Tawada ya matso da gwiwa ya nuna mata. Arba'in da ɗaya ne. Tana gogewa, ba ta yarda ta kalli ko ɗaya da kyau ba. Da ta gama ta ajiye wayar a ƙasa, ta tura masa ita da ƙafa.

Baba ya nuna ƙofa.

"Ka zo jin matsayata, to ga ta. In na sake ganin inuwarka a tagar benen can, ba ni za ka yi wa bayani ba, hukuma za ka yi wa. Fita."

Mai Tayal ya tsinci wayarsa, ya nufi hoton zai ɗauka.

"Bar shi. Fuskar 'yata ce, ko da a lalace."

Ya fita yana tuntuɓe da takalmansa. Gwaggo ta bi shi har tsakar gida tana zazzaga masa, sannan ta dawo ta buɗe tagogi duka wai warinsa ya fita.

Baba ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon saurayin da ke durƙushe.

"Kai kuma. Ka san ba zai yi kyau ba?"

"Na sani, Baba."

"Ka buga."

"Na buga."

"Don me?"

"An ce min ita ta tura, na ji zafi. Ban tambaye ta ba."

"Wancan ya leƙa ta daga nesa, kai kana kusa da ita ka kasa ganinta. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba." Ya juya ga 'yarsa. "Auta, dube ni. Bayan abin da ya yi, har yanzu shi?"

Hawaye suka sake cika mata ido.

"Haushinsa nake ji, Baba, kamar in shaƙe shi. Amma da na tambaye shi bai yi min ƙarya ba. Shi nake so."

Baba ya dubi yayarsa. Gwaggo ta taɓe baki, ta gyara ɗankwalinta ta ƙara ja shi har gira.

"Ni kada a tambaye ni. Na zaɓa na ga abin da na zaɓo. Ya dai riƙa wanke hannu kafin ya shigo min falo."

"To," in ji Baba. "Ka ɗauki abin nan ka kai shagonka ka yayyanka shi, kada ko ƙyalle ya fita. In ka gama, ka gaya wa manyanka ina son ganinsu."

Mai Tawada ya kifa goshinsa a kafet yana godiya, maganar tana fita a guntu-guntu. Ya tashi ya rungumi hoton, ya karkata shi ya fitar.

Auta ta raka shi bakin ƙofar gida. Yana ta washe baki ta gefen firam ɗin.

"Auta, kin ji abin da Baba ya..."

"Na ji. Baba ya yafe, ni ban yafe ba tukuna. Sati ɗaya kada ka zo, kada ka kira, kada ka turo saƙo. Ka zauna ka yi ta tuna yadda ka naɗe ni a takarda ka miƙa wa wani."

Bakinsa ya rufe. Ya gyara riƙon hoton, ya gyaɗa kai, ya fara tafiya. Ya yi taku biyar ya tsaya, ya leƙo ta gefe.

"Satin nan, daga yau zan fara ƙirgawa ko daga gobe?"

Ta harare shi sama da ƙasa. Ta kama ƙofar za ta rufe, ta tsaya da ita rabi.

"Daga jiya," ta ce, ta rufe.